Kwali da Takubban Katako: Kundin Gwajin Wasan Hamlet

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau muka fara. Yara 12 suka ba da suna, maza tara, mata uku. Niyyata mu nuna wasan Hamlet na Shekisfiya da Hausa kafin azumi ya kama, mako bakwai ke nan a gabanmu. Ni na fassara shi a hutun Disamba, na kuma datse shi ba tausayi, don cikakkensa yakan ci wajen awa huɗu, mu kuwa awa ɗaya da rabi aka ba mu.

Hadda ba ta ba ni tsoro, yaran nan sun saba da ita tun daga makarantar allo. Fargabata ita ce su hau dandamali da fuska ɗaya su sauka da ita. A irin wannan wasa na ramuwar gayya, wanda ya shigo a kashi na ɗaya yana kukan ubansa ba shi ne ke faɗuwa matacce a kashi na biyar ba, ko da sunan bai canza ba. Shi ya sa na manna kwali huɗu a bangon aji, na ja wa kowane mutum na cikin wasan layinsa daga hagu zuwa dama. Ƙarƙashin kowace fitowa za mu rubuta abu biyu: me yake so yanzu, kuma ina ne iyakar abin da zai iya aikatawa don ya samu.

Kwali 2,000, maka 1,500.

Laraba, 15 ga Janairu

Karatun kashi na ɗaya a zaune. Ba mu yi nisa ba muka cije. Yarinyar da ke yin Gatrud, uwar Hamlet, ta ajiye takarda ta ce, "Malam, wai mene ne laifin matar nan? Ai ko a unguwarmu ƙanin miji yakan auri matar wansa ya riƙe marayu." Gaskiyarta ne, kuma ban shirya wa tambayar ba. Na bayyana masu cewa a dokar cocin Ingila ta lokacin auren matar ɗan'uwa haramun ne, kamar auren muharrama suke ɗaukarsa. Maganar ma ba ta yi wa masu kallon Landan nisa ba. Sarki Henri na 8 ya auri matar wansa marigayi a 1509, daga baya ya riƙe wannan a matsayin hujjar warware auren, kuma 'yarsa Elizabet ce ke kan gado lokacin da aka rubuta wasan, wajen shekarar 1600. Suka gyaɗa kai, amma na ga bai shige su ba.

Lissafin kwanaki ne ya shige su. Na ce su ƙirga: takaba wata huɗu ce da kwana goma, ita kuwa Gatrud cikin wata guda da mutuwar mijinta ta tare da Kulodiyas, ƙanin mijin da ya gaji sarautar. Hamlet har gatse ya yi wa abokinsa Horeshiyo cewa ragowar abincin makoki aka ci a bikin. Nan aji ya ɗauki salati.

To a layin Hamlet, fitowa ta biyu, mun rubuta: yana so ya bar gidan ya koma karatu Witinbag ta Jamus. Iyakar abin da zai iya: baƙar magana da baƙaƙen kaya. Na sa su lura cewa tun kafin ya ji an kashe ubansa yake fatan mutuwa. Bayan fatalwar uban ta gaya masa cewa ƙarya ce maganar saran maciji, baffansa ne ya ɗiga masa guba a kunne yana barci a lambu, sai ya rantse zai share kome daga ransa ya bar wannan umarni kaɗai. Fitowar ba ta ƙare ba ya fara ƙorafin me ya sa shi aka haifa don gyaran wannan ɓarna.

Asabar, 18 ga Janairu

An yi fotokofi, shafi 32 sau 12, naira 50 kowane shafi, 19,200. Shafi na 9 ya fito dishi-dishi, mun bi shi da biro. Hazo ya yi yawa, biyu na tari, mun tashi da wuri.

Talata, 21 ga Janairu

Yaron da ke yin Hamlet murya gare shi kamar ladan, kuma ya ƙudura cewa mai ramuwa ihu yake yi. Ya yi wa Poloniyas mashawarcin sarki ihu, ya yi wa Rozinkiranz da Gildinstan, abokan karatun Hamlet, ihu. Na ce masa in ya ƙure muryarsa a kashi na biyu, da me zai shiga ɗakin uwarsa a na uku?

Don ya gane haukan ƙaryar da Hamlet ke yi, na ba su asalin labarin. Sakso Giramatikus, marubucin tarihin Danmak, ya kawo shi da Latin wajen shekarar 1200, wani Bafaranshe mai suna Belfore ya sake ba da shi a 1570. A can sunan yaron Amlet, kuma kowa ya san baffansa ne ya kashe ubansa, saboda haka wauta ce garkuwarsa har ya samu dama. Da damar ta zo ya banka wa zauren fada wuta da fadawa a ciki, ya kashe baffan, ya hau mulki. Amlet bai sauya ba ko kaɗan, jira kawai yake yi. Shekisfiya ya mayar da kisan sirri, sai haukan ya daina kare Hamlet, ya koma jawo masa idon sarki. Ya zama ba dabara ba ce sosai, wata kafa ce da abin da ke cinsa ke fita ta cikinta. Yaron ya gwada yi wa Poloniyas maganar a hankali yana murmushi. Ta fi ihun ban tsoro nesa ba kusa ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau kwalin ya kunyata ni.

Tun farko na ja wa Hamlet kibiya mai hawa, daga sanyi zuwa zafi, a tunanina haka mai ramuwa ke tafiya. Da muka zo kashi na uku kibiyar ta ƙi ɗaukar abin da ke faruwa. Ga shi ya shirya wasa cikin wasa mai kwaikwayon kisan ubansa, sarki ya tashi a firgice yana neman fitila, shakka ta kau. Ga sarki a durƙushe yana addu'a shi kaɗai, ga takobi a hannu. Sai ya mayar da shi kube. Wani yaro ya ce to ai layin ya sauka ke nan, ya ji tsoro. Yarinyar da ke yin Ofiliya, 'yar Poloniyas da Hamlet ke so, ta ce, "A'a Malam, a duba dalilin da ya bayar." Muka duba. Cewa ya yi in ya kashe shi yana addu'a aljanna zai tura shi, gara ya jira ya same shi a buge ko cikin wani saɓo, yadda zai wuce wuta kai tsaye. Fatalwar ran sarki kawai ta nema. Hamlet ya ƙara da lahirarsa. Hannunsa ya ja baya a daidai wurin da zuciyarsa ta fi ko'ina baƙi, to sama za a ja layin ko ƙasa?

Kulodiyas ma ya ba mu aiki. A kashi na ɗaya mutum ne mai iya mulki, da wasiƙa da jakadu biyu ya kashe wutar yaƙin da Fotinbiras na Nowe ke hurawa. A nan kuwa ga shi yana faɗa da bakinsa cewa tubarsa ba za ta karɓu ba, domin abin da ya yi kisan saboda shi yana hannunsa har yanzu, sarauta da mata. Ya miƙe yana cewa addu'ar ba ta je ko'ina ba. Da Hamlet ya sara a lokacin, da ya samu abin da yake so. Tun daga wannan tashi Kulodiyas bai sake neman tuba ba, makirci ne ke bin makirci.

Sai ɗakin uwa. Mun rataya tsohon zanen gado a igiya ya zama labule. Yaron ya soka sanda ta cikinsa bai ko leƙa ba, mai yin Poloniyas ya faɗo. Wanda ɗazu ya tsaya yana auna aljanna da wuta ya kashe mutum bai ga fuskarsa ba. Na tambaye su: yanzu a wurin Layatis ɗan Poloniyas da ƙanwarsa Ofiliya, wane ne Hamlet? Aji ya yi tsit, can wani daga baya ya ce, "Shi ne Kulodiyas ɗinsu."

Ruwan leda 1,000.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na sayi kwali biyu, 1,000, na sake zanen a gida. Na daina kibiya. Yanzu layuka uku ne kusa da juna, na 'ya'ya uku da aka kashe wa uba: Hamlet, Layatis, Fotinbiras. A wurin labulen na sa jan maka inda layin Hamlet ya tsallaka ya hau na baffansa.

Na kuma sake duba wasan Tomas Kid na masifar fadar Sifen, wanda aka buga a 1592, shi ne ya buɗe wa irin waɗannan wasanni kasuwa a Landan. Jarumin wasan, Hiyeronimo, mai shari'a ne, an rataye ɗansa a lambu, ya nemi adalci wurin sarki aka tare masa hanya. A ƙarshe ya shirya wasan da aka yi kisan gaske a cikinsa, ya ciji harshensa ya tofar don kada ya yi magana. Mai yanke wa mutane hukunci ya ƙare yana kashe har wanda bai taɓa ɗansa ba. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma karin maganar bai faɗi wa zafin ke fara ƙonawa ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ofiliya ba ta zo ba. Ƙawarta ta ce mahaifinta ya hana, ya ji wai za ta yi hauka tana waƙe-waƙe a gaban maza.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Na je gidan da safe tare da wata malama. Alhaji ya karɓe mu a zaure, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Malam, ban ƙi karatu ba. Amma 'yata ba za ta ya da mayafi ta yi rawar mahaukaciya ba." Na ce Alhaji babu rawa, mayafi kuma yana kanta. Waƙoƙin ne ya fi tsayawa a kai, kuma ban ga laifinsa ba, ɗaya daga cikinsu a asali maganar budurwar da aka yaudara ce, ba kunya a ciki. Muka daidaita: an cire wannan, an bar ta mutuwar uba, kuma za a riƙa tashi kafin magariba.

Na ji ciwon cire waƙar, don wani yanki ne na sauyin yarinyar. A kashi na ɗaya wanta ya yi mata huɗuba, ubanta ya hana ta kula Hamlet, amsarta ita ce za ta yi biyayya. A na uku an ba ta littafi an kafa ta tarko, maza biyu na laɓe suna saurare. Sai da hankalinta ya gushe aka bar ta ta yi magana son ranta, har sarki ya yi ta ƙoƙarin sa baki tana wuce shi. Na tuna da wannan muna zaune a zauren, yarinyar na bayan ƙyaure ana yanke mata hukunci, ni ma ina cikin masu yankewa. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ta dawo. Mun gwada rabon furannin da Ofiliya ke yi cikin hauka da ganyen dogonyaro, ya yi kyau. Kafinta ya kawo takubba biyu, 6,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar Layatis. Baba maigadi ya jingina da taga yana kallo. Da yaron ya banko ƙofa da jama'a a bayansa suna kiran a naɗa shi sarki, yana neman a ba shi ubansa, Baba ya ce, "Yawwa, wannan shi ne ɗan halak. Wancan na farkon surutu ya cika." Na ce Baba ka dakata tukuna.

Muka shiga fitowar da Kulodiyas ya zaunar da shi. Ban san wurin da ya fi wannan nuna yadda ake juya mutum ba. Bai hana shi fushi ba, sai ya yabi iya takobinsa, sannan ya tambaye shi ko da gaske yana son ubansa ko baƙin cikin na fuska ne kawai. Layatis ya ce zai iya yanka Hamlet ko a cikin coci ne. Na sa su ajiye wannan kusa da Hamlet da ya ƙi taɓa mai addu'a. Daga nan sarki ya kawo shawarar wasan takobi da tsinin da ba a dakushe ba, kuma Layatis da kansa ya ƙara cewa yana da dafin da ya saya zai shafa. Wanda ya shigo da rana tsaka yana fasa ƙofa ya fita yana shirin ha'inci. Baba ya tsuke baki ya ce, "Kai, an cuci yaro." Ya koma bakin ƙofarsa.

Wajen gwada faɗan takobi ɗaya ya karye, tsagin ya yanki Layatis a yatsa. Ba zurfi, mun wanke mun ɗaure. Laifina ne, na bar su suka yi da ƙarfi ban koya masu ƙirga taku ba. Sabon takobi 3,000.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Gwaji daga farko har ƙarshe a gaban malamai uku. Awa ɗaya da minti 50, ya wuce lokaci. Amma babbar matsalar ba ta agogo ba ce. Da aka gama wata malama ta ce, "Malam, wannan da ya fito a maƙabarta wani Hamlet ne daban? Ɗazu kamar zai cinye uwarsa, yanzu yana raha da mai haƙan kabari."

Ni na jawo. Don rage tsawo na cire labarin teku gaba ɗaya, ina ganin ai ba a nuna shi a dandamali, ba da shi kawai ake yi. Ashe a can ne mutumin ya juya. Sarki ya tura shi Ingila da wasiƙar a sare masa kai. Cikin dare ya kasa barci, ya laluba kayan Rozinkiranz da Gildinstan, ya karanta hukuncin kisansa da idonsa. Ya rubuta wata wasiƙar ya sa sunayensu, ya buga hatimin ubansa da ke aljihunsa. Washegari 'yan fashin teku suka far masu, ya tsallaka jirginsu shi kaɗai, su suka dawo da shi Danmak. Duk abin da ya tsirar da shi a tafiyar nan ba shirinsa ba ne. In mai kallo bai ji wannan ba, natsuwarsa ta kashi na biyar ba ta da tushe.

Na mayar da labarin, na kuma mayar da wurin da ya ga rundunar Fotinbiras za ta Foland yaƙi kan ɗan filin da bai isa a binne waɗanda za su mutu a kansa ba. Wannan doguwar magana tana cikin bugu na biyu na 1604, babu ita a babban kundin wasannin Shekisfiya na 1623, shi ya sa na ga kamar ina da izinin cire ta. A madadinsu na datse nasihar Poloniyas da rabin zancen 'yan wasa. Sabon fotokofi shafi 6, 3,600.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kashi na biyar, kuma mun yi gardama mai daɗi. Na sa su ƙirga wuraren da Hamlet ke tsayawa shi kaɗai yana zance da zuciyarsa. Daga kashi na ɗaya zuwa na huɗu suna nan birjik. A na biyar babu ko ɗaya. Fatalwar ma ba ta sake fitowa ba tun ɗakin uwa. Ba ya shirya kome, gayyatar wasan takobi ta zo ya karɓa, ko da yake ya gaya wa Horeshiyo gabansa na faɗuwa. Ya ce ko faɗuwar ɗan tsuntsu da ƙaddararta, abin da zai zo zai zo.

Rabin ajin suka ce tawakkali ne, ya samu natsuwa. Na fahimci dalilinsu, maganar ta yi kama da abin da muke ji kullum. Ni dai ban saki jiki da ita ba. A wasiƙar nan ya rubuta a kashe abokan karatunsa nan take, kada a ba su ko lokacin neman gafara, alhali babban kukan fatalwar ubansa shi ne an ɗauke shi da zunubansa bai shirya ba. Da Horeshiyo ya yi jim, Hamlet ya ce mutuwarsu ba ta dame shi ba. Wannan natsuwar da ta sa ya nemi afuwar Layatis kafin faɗa, ita ce ta sa ya ba da labarin kashe mutum biyu kamar yana ba da labarin cefane. Na gaya wa yaron kada ya zaɓi ɗaya, ya yi duka biyun da murya iri ɗaya, ƙasa-ƙasa.

Shi ne ma ya gano wani abu da ya wuce ni. Ya ce, "Malam, lokacin da nake ɗura wa sarki gubar, uwata na ce ya bi. Ban ambaci ubana ba." Na duba, haka ne. Sai da uwar ta faɗi, Layatis ya tona asiri ya ɗora laifin kan sarki, shi ma dafi na yawo a jikinsa, sannan ya aikata abin da aka sa shi tun kashi na ɗaya.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Layin Gatrud ne kaɗai ya rage da giɓi a kwali. A bugun farko na 1603, wanda ya fi sauran gajarta ƙwarai, ta rantse wa ɗanta ba ta san da kisan ba, ta kuma yi alkawarin taimaka masa. A bugun da muke bi ba ta faɗi haka ba. Abin da muke da shi shi ne ta rufa masa asiri ta ce wa sarki haukan gaske ne, sannan a ƙarshe sarki ya ce kada ta sha, ta ce za ta sha. Na bar wa yarinyar zaɓi, ko ta sha cikin rashin sani, ko ta sha tana zargi. Ta ce ta ga sarki ya jefa lu'ulu'u a kofin, kuma shekara nawa tana zaune a fada, za ta dube shi ido cikin ido kafin ta kai baki. Mun gwada sau biyu. A na biyu mai yin Kulodiyas ya manta maganarsa, ya tsaya da hannu a miƙe, na ce a bar shi haka.

Awa ɗaya da minti 35. Jimlar kuɗi zuwa yau 37,300, an mayar mini da 20,000. Ranar wasa Alhamis 27 ga wata. Kafin nan: Asabar faɗan takobi da ƙirga, a hankali, sau goma. Talata gwaji da kaya. Har yanzu ba mu da ƙoƙon kan Yorik wawan sarki, ƙwaryar da muka fafe ta tsage wajen huda idanu. Baba maigadi ya ce akwai wani duma mai kauri a gidansa, zai kawo ran Asabar.